Agogon Direba Yana Gaba da Minti Biyar

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe tara da minti goma na safe

Auta ta ce in riƙa rubuta abin da take koya mini don kada in manta. Ni in manta? Ni da zan faɗa maka wanda ya kawo agogo shagon nan shekara arba'in da suka wuce, da rigar da ke jikinsa, da abin da ya ce da zai fita. Amma na karɓi biron, kada a ce tsoho ya cika gardama. Ga ragowar littafin rasit, bayan takardun fari ne, a nan zan yi.

Ban taɓa zama a aji ba. Lambobi a fuskar agogo na koye su, baƙaƙe kuma a jikin kwalayen kayan gyara da allunan shaguna. Wanda ya ga rubutuna a karkace, sai ya karkatar da kansa.

Maganar ita ce ido. Gilashin da nake maƙalawa ya daina taimakona, hantsaki yana rawa a hannuna, mutane kuma duk sun koma duba lokaci a waya. Auta, 'yata ta ƙarshe, tana sayar da tsofaffin kaya a shafin gwanjo na intanet. Da shi take riƙe da gidanta tun da mijinta ya rasa aiki. Ta ce tarkacen da ke shagona akwai masu nemansa a ƙasashen da ban san sunansu ba. Na ce ba tarkace ba ne. Ta ce to, kayan tarihi. Ta ba ni tsohuwar wayarta, ta buɗe mini ita da sunan shagonta, ta ce ɓangaren agogo nawa ne, ita ba za ta leƙa ba sai lokacin aikawa da kaya.

Ta nuna mini taurari biyar a ƙarƙashin sunan.

"Baba, shekara shida ina tara waɗannan. Da su mutane suke yarda da ni. Don Allah kada ka zubar mini da ko ɗaya."

Na ce mata ni da na riƙe amanar unguwa guda.

Na murɗa agogunan durowa da safe. Goma sha bakwai, duk suna tafiya.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Karatun Auta. Hoto a hasken rana, a kan farin ƙyalle, gaba da baya da ciki. Kada yatsana ya fito. Sau tara yatsana ya fito. A fara da kuɗi kaɗan, don mutane su ji daɗin tayawa, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, har ranar da lokaci zai cika, wanda ya fi tayi shi ne da kaya. Idan an fara tayawa ba a janye kaya sai da dalili mai ƙarfi. Idan an gama kuwa, ko sama za ta faɗo sai ka aika.

Inda muka yi faɗa shi ne wajen aibu. Wai duk abin da ke damun kaya sai na faɗa.

Na ce, "Wane ɗan kasuwa ne yake tallar aibin kayansa?"

Ta ce, "Baba, a nan shago mutum yana juya agogo a hannunsa, ya kara a kunne. A can ba shi da hannu ba shi da kunne, bakinka kawai yake da shi."

Ban dai ce ta yi gaskiya ba.

Wayar tana da wani wuri, ka danna ka yi magana ita ta rubuta. Na ɗora agogon bango na tsohon gidan siliman nan da aka rushe. Na faɗi tsagewar gilashinsa. Na kuma faɗi yadda mai sayar da tikiti yake mayar da hannunsa baya da minti goma idan layi ya yi tsawo. Auta ta ce wannan ba ya cikin abin da ake rubutawa. Na ce ta bar shi.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe huɗu da minti biyu na yamma

Agogon siliman ya tafi. Mutum goma sha ɗaya suka taya. Auta ta ce labarin ne ya sayar da shi. Na ce na ji.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe

Na ɗora huɗu, uku har sun samu masu tayi. Wani ya rubuto daga can nesa yana cewa yana karanta bayanina ko ba zai saya ba. Auta ta juya mini maganarsa, na sa ta maimaita. Shekara nawa ina ba da labaran nan a bakin shago mutane suna hamma, ashe masu saurare suna bayan teku.

Nawa na kaina sun kusa ƙarewa. Auta ta dubi durowar ƙasa ta ce, "Waɗannan fa?"

Na ce ta ɗauke idonta.

Bari in rubuta, don wanda zai buɗe durowar bayan raina. Waɗannan agogunan mutane ne da suka kawo gyara ba su dawo ba. Wani ya yi ƙaura, wani ya mutu, wani ya ji kunyar kuɗin gyara. Maigidana da ya koya mini aiki ya ce abin da aka kawo gyara ba a sayarwa ko shekara ɗari ya yi, kuma ba a barinsa ya tsaya, don ranar da mai shi zai shigo ya same shi da rai. Saboda haka kowace safiya kafin in buɗe ƙofa ta biyu sai na murɗa su ɗaya bayan ɗaya. Da yake a lokacin ban iya rubuta suna ba, zare nake ɗaura wa kowanne. Shuɗi na telan kwana. Fari biyu na malamar asibiti mai tari. Baƙi na ɗan sandan da aka mayar wani gari. Zaren yana tuna mini, kaina yana riƙe sauran.

Ja ɗaya ne.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe huɗu daidai na yamma

Na ɗora mai jan zare. Gwanjon kwana goma.

Ban gaya wa Auta daga inda ya fito ba, ba ta tambaya ba. Na kwance zaren kafin hoto. Ina da dalilina. Agogo ne mai kyau, irinsa ba a yi yanzu, ya kamata ya je inda za a san darajarsa. Nesa.

Wajen aibu na faɗi gaskiya kamar yadda aka koya mini. Na ce yana gaba da minti biyar, kuma ba lalacewa ba ce. Mai shi direban motar fasinja ne, shi ya ce a saita masa haka don kada ya taɓa sa mutane jira, ni kuma ban taɓa mayar da shi baya ba. Na ce akwai ɗan lotsawa kusa da lamba bakwai, inda murfin inji ya taɓa faɗo masa. Na saurari abin da wayar ta rubuta, ya yi daɗi. Har na ji daɗin kaina.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe takwas da minti ashirin na safe

Kwandasta ya tsallako da ɗingishinsa kamar kullum. Mai facin taya ne a ɗaya gefen titi, amma tun yana bin mota ake kiransa Kwandasta, sunan ya zauna.

"Mai Agogo, ƙarfe nawa?"

"Lokacin da ya kamata ka sayi naka."

"Ni da agogo ai mun raba hanya."

Haka muke yi kowace safiya, shekara ashirin da wani abu. Shi ya yi dariya, ni in yi. Yau ya leƙo wayar ya ce ya ji na zama ɗan zamani, ko za a ɗora shi shi ma, tsohon kaya ne, ƙafa ɗaya ta lotse amma inji lafiya. Na ce babu mai tayawa. Ya ce in faɗi labarinsa kawai, an ce labari ke sayarwa.

Da ya tafi na kasa shan shayina.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe goma da rabi na safe

Saƙo ya shigo a kan mai jan zare. Da Hausa. Na karanta da kaina, a hankali, sau uku.

Ta ce ita nas ce a wani gari. Ta ce tana da shekara tara mahaifinta ya rasu a haɗarin mota, direba ne, agogonsa kullum yana gaba da minti biyar, har suna yi masa tsiya a gida. Ta ce an cire agogon daga hannunsa a wurin haɗarin. Ta ce shekaru tana duba irin shafukan nan. Ba rigima take nema ba, ta san mu saya muka yi, kawai in muna tuna wanda ya sayar mana, mu taimaka mu faɗa mata. Ta kuma ce za ta taya.

Na san ta. Na ɗauke ta a kafaɗa. Tana kirana Kawu, ubanta kuwa tare muka yi wasan ƙasa.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Na murɗa su. Goma sha bakwai. Ban ba ta amsa ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Masu tayi sun zube, saura biyu. Nas, da wani mai tara tsofaffin agoguna a can ƙetare, wanda hotonsa kare ne sanye da hula. Ta ƙara, ya ƙara. Ita tana daɗewa kafin ta ƙara, wani lokaci rabin yini. Shi nan take.

Agogon ba shi da wata babbar matsala lokacin da Direba, uban Nas, ya kawo shi. Datti ne kawai. Aikin awa ɗaya. A satin ne wani manaja ya kawo nasa, iri ɗaya sak, siririn sifirin nan da muke kira gashi ya karye, yana kuma sauri zai yi tafiya. Irin mutanen da in sun ji daɗin aikinka sai su turo maka ofis guda. Kayan gyara na kan hanya, an ce sati biyu. Duk mai gyara yana yin haka, a ara daga wannan a sa wa wancan kafin kaya su iso. Duk mai gyara. Maigidana ne kawai ba ya yi.

Direba ya zo na ce jibi. Ya dawo na ce jibi. Na uku da sassafe ne, motarsa na kunne a bakin titi, Kwandasta yana ta kiran fasinja. Ya nuna mini hannunsa, wurin maɗaurin ya yi fari. Ya ce, "Dube ni tsirara. In na makara yau, a wuyanka."

Ban ce komai a kan wannan ba tun lokacin. Yanzu ma ba cewa na yi ba, rubutawa na yi.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya da minti biyar na rana

Auta ta biyo ta kawo mini abinci, tana sauri, ƙaramin ɗanta ba lafiya. Na ce ina da tambaya, ba a kaina ba, wani ne ya tambaye ni. Idan mutum ya ɗora kaya an taya, sai ya ga bai kamata ya sayar ba.

Ta ce in kafin rana ta ƙarshe ne zai iya janyewa, za a ɗan ja masa kunne, masu tayi su yi ƙorafi, shi ke nan. In ya bari aka gama ya ƙi aikawa, wannan shi ne mai zafi. Za a rubuta a ƙarƙashin sunansa kowa ya gani, za a iya rufe masa gwanjo wata guda ko fiye.

Ta tsaya tana kallona. "Wane ne wanin, Baba?"

Na ce ba ta san shi ba.

"Gaya masa ya janye yau."

Da ta tafi na nemo wurin janyewar. Na same shi. Sai ya tambaye ni dalili, ya jero guda huɗu in zaɓa. Kaya ya ɓace. Kaya ya lalace. Kuskure a bayani. Kuskure a farashi. Nawa ba ya ciki. Kuma in na janye, Auta za ta ga an ja mata kunne, za ta tambaya. Na ajiye wayar a cikin durowa tare da su.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Matar Direba ta wuce yau, za ta kantin magani. Ta tsufa, yatsunta sun kanannaɗe, da kyar take riƙe jaka. Ta tsaya ta gaishe ni, ta tambayi Auta da yara. Ta gefen shagona take bi kullum, ko da rana ta fi zafi a nan, don kada ta wuce ta gaban Kwandasta. Na gan shi ya sunkuyar da kai a kan taya har ta yi nisa. Da can yana gaishe ta. Shekara uku yana gaishe ta ba ta amsawa, sannan ya bari.

Bayan an share makoki ne ta zo. Shagon a cike, har da manajan, ya kawo abokansa biyu. Ta ce, "Mai Agogo, na zo karɓar agogon abokinka, ina so in ajiye wa yarinya." Agogon yana nan ƙasan teburin, a buɗe, ba gashi. A gaban mutane zan ce na farke agogon abokina na gyara na mai kuɗi, ya tafi hannu tsirara?

Na ce ai ya karɓa, ranar da zai tafi da safe.

Kalma takwas ko tara. Na yi niyyar idan kaya sun iso in kai mata in ce na rikice ne. Kafin kaya su iso magana ta zagaya. An duba hannun mamaci ba agogo. Wa ke kusa da shi? Wa ya fita da rai? Kwandasta yana kwance a asibiti da karyayyar ƙafa, ya yi ta rantsuwa cewa Direba bai sa agogo ba ranar. Aka ce Mai Agogo da bakinsa ya ce ya ba shi, kuma Mai Agogo ba ya mantuwa. Ba direban da ya sake ɗaukarsa.

Kaya sun iso bayan wata biyu. Na gyara shi cikin awa ɗaya. Na saita shi gaba da minti biyar.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe tara na safe

Nas ta sake rubutowa. Ta ce ta ga ba mu amsa ba, ba komai. Mamanta ba ta sani ba, so take ta sa mata shi a hannu kawai. Ta ce in da hali mu yi mata addu'a.

Na samo dabara. In bar shi ya tafi, ita ta ci. In naɗe shi da kaina in aika, in mayar mata da kuɗinta ta bayan fage in ce sadaka ce daga mai shago. Agogo ya koma gida, taurarin Auta suna nan, ba wanda ya ji kunya. Na ji sauƙi har na ci abinci.

Mai karen nan ya yi shiru tun jiya. Ya gaji.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe huɗu da minti ɗaya na yamma

Wurin janyewa ya rufe. Ita ce a sama. Kwandasta ba ya cikin dabarar tawa, na lura. Na lura tun jiya.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma

Na zauna da wayar tun ƙarfe uku. Na jingina ta da kwalbar mai, na ɗauko mai jan zare na ajiye kusa. A wurinsa huɗu ta riga ta wuce, a wurin wayar saura minti biyar. Sunan Nas a sama. Saura minti ɗaya. Saura daƙiƙa talatin. Har na miƙa hannu zan ɗauko kwalin da zan naɗe shi.

Saura daƙiƙa huɗu karen ya fito.

Ashe haka suke yi. Su ɓuya sai numfashin ƙarshe, don kada ɗayan ya samu damar ƙarawa. Auta ta taɓa faɗa mini, ranar ina gardamar hoto, ban saurara ba. Shekara hamsin ina aiki da daƙiƙa.

Nas ta rubuto layi ɗaya. Ta ce Allah ya sa wanda ya samu ya riƙe shi da kyau, kuma don Allah a gaya masa kada ya gyara minti biyar ɗin.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana

Auta ta zo da kwali da salatif da fara'arta, ta ce ba ta taɓa ganin agogo ya tashi haka ba. Ta karɓi wayar za ta kwafi adireshi. Na ga yatsanta ya tsaya. Ta zauna a kan benci. Ta daɗe tana karantawa.

Auta ta tashi a titin nan. Ba yaron da bai san abin da ake cewa Kwandasta ya yi ba. Ni da kaina na taɓa jin ta, tana ƙarama, suna yi masa waƙa ita da ƙawayenta. Na tsawata musu, shi ke nan abin da na yi.

Ta ce, "Baba, wa ya sayar maka da shi?"

Na ce ba kowa.

"To ta yaya ya zo nan?"

Na ce bai taɓa fita ba.

Na jawo durowa, na nuna mata jan zaren a wurinsa. Na faɗa mata na gashin, na manajan, da kalmomin. Ban yi wa labarin ado ba, wannan karon. Tana ji tana kallon tsallaken titi, inda Kwandasta yake tsoma tayar wani a ruwa yana neman huji.

"Ranar Laraba da ka tambaye ni. Kai ne wanin."

Na ce ni ne.

"Na ce maka ya janye ranar."

Na ce ta ce.

Ta ɗauki salatif ɗin tana juya shi a hannu. Na ce mata sunanta ne, abincin 'ya'yanta ne, in ta ce a aika, zan naɗe da hannuna, ba zan ƙara magana ba. Da gaske nake. Wani ɓangare na ma so yake ta ce a aika.

Ta ce, "Kai ka koya mini ba a sayar da abin da aka kawo gyara. Ina 'yar shekara shida ka mari hannuna a kan durowar nan."

Ta nemo wurin da ake cewa ba za a aika ba, ta miƙo mini wayar. "Da yatsanka. Tunda yana son fitowa a hoto."

Na danna. Ta mayar wa mutumin kuɗinsa, ta rubuta masa haƙuri da yarensu. Ta kwashe kwalinta. A bakin ƙofa ta ce ba ita za ta rubuta wa Nas ba, kuma ba a waya ake wannan maganar ba.

Ba ta ce sai anjima ba.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mai karen ya rubuta abin da ya rubuta a ƙarƙashin sunan Auta. Taurari sun zama huɗu da ɗan gutsure. An rufe mata gwanjo kwana talatin. Mijinta ne ya zo ya faɗa mini, ya ajiye abinci, bai zauna ba.

Na sa agogon a aljihu sau biyu, na fitar sau biyu.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je.

Matar Direba tana zaune a bakin ɗakinta tana jan zare daga wata tsohuwar riga da haƙori, tunda yatsun sun ƙi. Ta ce lafiya, Mai Agogo da kansa, ko shagon ya ƙone. Ta sa aka kawo mini kujera. Ban zauna ba. Na ajiye shi a kan cinyarta.

Ba ta taɓa shi ba da farko. Sai ta ɗauka da hannu biyu, ta shafa wajen lamba bakwai, ta kara a kunne. Ta dubi agogon bangonta, wanda ni na sayar mata, ta sake duban na hannunta.

"Yana gaba."

Na ce da minti biyar.

"Wa ya kawo maka?"

Na faɗa mata. A tsaye. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, ni da nake sanin tsawon komai. Na haɗa har da gwanjon, da saƙon 'yarta, da addu'ar da ta roƙa.

Ba ta yi kuka ba. Na fi son ta yi. Ta ce, "Shekara ashirin da shida ina tsayawa a ƙofarka ina gaishe ka. Yana ina?"

Na ce a durowar ƙasa, dab da inda take tsayawa.

"Yana tafiya?"

Na ce bai taɓa tsayawa ba, ko ranar da uwar 'ya'yana ta rasu sai da na je na murɗa shi.

Ta ce, "Wannan kake so in gode maka?"

Na ce a'a.

Ta gwada kama ɗan kan da ake murɗa agogon da yatsunta, ya kufce. Ta sake gwadawa. Ta ce in an bar shi yaushe zai tsaya. Na ce gobe da la'asar. Ina jin tafiyarsa daga inda nake.

"Yarinya ni zan kira ta, ba kai ba. Za ta zo Asabar, ka shirya abin da za ka ce mata. Kafin nan ba zai tsaya a hannuna ba. Gobe ka zo ka murɗa shi."

Na ce zan zo. Na juya.

"Mai Agogo."

Na tsaya.

"Kada ka zo kai kaɗai. Ni ma ina da gaisuwar da ban amsa ba. Amma kai za ka fara gaya masa dalili, ba ni ba."

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Na murɗa su. Goma sha shida. Hannuna ya je wurin na sha bakwai ya dawo da zare.

Auta ba ta kira ba.

Kwandasta ya buɗe rumfarsa. Ya jingina tayoyi, ya zuba ruwa a baho, yana goge hannu a wando. Minti biyar suka rage ya tsallako ya tambaye ni ƙarfe nawa. Da ƙafar nan yake tsallakowa kullum, ni ina zaune.

Zan ajiye biro. Yau ni zan tsallaka.